Amsa ga ƙanena mai son zuwa Ingila don aikin motocin tsere

Assalamu alaikum ƙanena. Saƙonka ya iso. Ka ce kana shekarar ƙarshe a karatun injiniya a Zariya, kana bin yadda ƙungiyoyin Formula 1, babbar gasar tseren motoci ta duniya, ke buɗe sababbin motocinsu na kakar 2026, ka ga manyan kamfanoni suna ta zuba kuɗi, shi ne kake tambaya ko ka nemi digiri na biyu a nan Ingila kan ƙera motocin tsere, kuma ko cikin kamfanonin nan akwai wanda zai ɗauki nauyin karatunka. Ni ina aiki ne a wani ƙaramin kamfani a yankin Oxfordshire da ke yi wa ƙungiyoyin tsere sassan jikin mota da zaren kabon. Zan gaya maka abin da nake gani daga ciki, don ba na so ka taso a kan zato.

Kuɗin da ka gani gaskiya ne. Daga bana sunan Mastercard ya shiga sunan ƙungiyar McLaren. Audi, wadda ta saye tsohuwar ƙungiyar Sauber, ta shigo da bankin intanet na Revolut a goshinta. HP na tare da Ferrari tun 2024, Oracle na tare da Red Bull tun 2021, Aramco na Saudiyya ya riƙe Aston Martin, shi kuwa Petronas na Malesiya tun 2010 yake manne da Mercedes. Amma ka tambayi kanka, me suke saye? Idon jama'a suke saye a tsere 24 da aka tsara za a yi, daga Melbourne a watan Maris har zuwa Abu Dhabi a Disamba, da kuma wurin da za su zaunar da manyan abokan cinikinsu a gefen fili. Kuɗin talla ne. Ofishin da ya fitar da shi ba ruwansa da ɗalibi, kuma wasiƙarka ko ta isa can babu mai hurumin amsa ta.

Akwai kuma abin da hotuna ba sa nunawa, wanda shi ne ya fi shafarka. Tun 2021 hukumar FIA mai kula da gasar ta yanka wa kowace ƙungiya iyakar abin da za ta kashe a shekara. An fara da dala miliyan 145, aka sauko zuwa 135 a 2023. Bana an kai shi 215, sai dai yawancin ƙarin ya zo ne daga hauhawar farashi da abubuwan da a da ba a lissafa su a ciki. Albashin direbobi, da na manyan shugabanni uku, da kuɗin talla, duk suna wajen wannan iyaka. Albashin injiniya kuwa yana ciki. Wato ko da ƙungiya ta samu sabon mai ɗaukar nauyi da ya cika mata aljihu, ba ta da ikon ɗaukar ma'aikata yadda ta ga dama. Kowane mutum da za ta ɗauka sai ta auna shi da fukafukan mota (sassan da ke sarrafa iska) nawa za ta fasa ƙerawa. Kuma ba wasa ake da dokar ba: a 2022 an ci Red Bull tarar dala miliyan 7, aka rage mata kashi 10 cikin 100 na lokacin gwada yadda iska ke bin jikin mota, saboda ta ƙetare iyakar shekarar 2021. Shi ya sa za ka ga matashi mai digiri biyu yana karɓar albashin da bai kai na abokinsa da ya tafi kamfanin jiragen sama ba, alhali ya fi shi kwana a wurin aiki.

Kuɗin nan kuma yakan tafi yadda ya zo. A watan Nuwamban 2022 kamfanin kirifto na FTX ya durƙushe, Mercedes ta ɓanɓare sunansa daga motarta ana tsaka da kaka. A farkon shekarar 2022 ɗin kuma Haas ta rabu da Uralkali na Rasha bayan ɓarkewar yaƙin Ukraine. Mu da muke ƙananan kamfanoni mu ne muke fara jin irin wannan girgiza, don oda ce take tsayawa.

To, inda nake so ka zuba ido shi ne motar kanta, don a nan ƙofar take. Dokokin 2026 sun sauya inji da jiki a lokaci guda, abin da ba a saba yi ba. Injin mai ya rage ƙarfi, lantarki ya tashi daga kilowat 120 zuwa 350, har ya zama kusan rabin ƙarfin motar daga batir yake fitowa. An cire na'urar da ke tatso wuta daga zafin hayaƙi, saboda tsadarta da wahalarta suna korar sababbin masu ƙera inji. Man da za a sha dole ya zama wanda ba daga ɗanyen man ƙasa aka tace shi ba. Motar ta rage faɗi daga mita 2 zuwa 1.9, tazarar tayoyin gaba da na baya ta ragu da santimita 20, nauyi ya sauka da kimanin kilo 30. Fukafukan gaba da na baya yanzu suna motsi: su kwanta a miƙaƙƙiyar hanya don rage turjiyar iska, su miƙe a kwana don danne motar ƙasa.

Ka ga abin da wannan ke nufi? Wanda ake nema yau shi ne mai sanin yadda ake sanyaya batir, mai rubuta manhajar da ke yanke lokacin tara wuta da lokacin sakinta, mai ilimin sinadaran mai, mai iya rage giram ɗari daga wani sashe ba tare da ya karye ba. Red Bull ta gina masana'antar inji tata a Milton Keynes tare da Ford. Mercedes na ƙera nata a Brixworth. Cadillac, ƙungiya ta 11 da ta shigo bana daga Amurka, ta kafa babban sashenta a Silverstone. McLaren na Woking, Williams na Grove, Alpine na Enstone, Haas na da reshe a Banbury, kuma kewaye da su akwai ɗaruruwan ƙananan kamfanoni irin namu waɗanda ba za ka taɓa ganin sunansu a jikin mota ba. Yawancin guraben aiki a can suke.

Saboda haka shawarata ita ce kada ka ɗaure kanka da kwas ɗin da sunansa kaɗai ya burge ka. Jami'ar Cranfield da Oxford Brookes suna da digiri na biyu kan injiniyancin motocin tsere, kuma ana girmama su ƙwarai. Amma Adrian Newey, wanda ya fi kowa suna a zanen waɗannan motoci, wanda ya koma Aston Martin a 2025, ilimin jiragen sama ya karanta a Southampton. Idan ka karanci lantarkin mota, ko batir, ko kimiyyar iska, ƙungiyar tsere za ta iya ɗaukarka, in kuma ba ta ɗauke ka ba kana da kasuwa a nan da kuma gida, inda harkar sola da batir ke bunƙasa a idonmu. Duk jami'ar da ka zaɓa, ka tabbatar tana da tawagar Formula Student, gasar da ɗalibai ke ƙera motarsu da hannunsu su kai ta filin tseren Silverstone a lokacin bazara. Masu ɗaukar aiki suna tambayar abin da ka ƙera a can kafin su duba makinka.

Sai maganar biza, wadda samari ke tsallakewa. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Kuɗin makaranta ga ɗan ƙasar waje ya haura fam 15,000 kusan ko'ina, wasu wuraren ninkinsa. Ga kuɗin kula da lafiya fam 776 a shekara, ga shaidar kuɗin zama da za ka nuna a asusunka. Aiki awa 20 kawai aka yarje maka a mako lokacin karatu, ba zai biya maka makaranta ba, duk wanda ya ce maka zai biya yaudararka yake. Tun Janairun 2024 mai digiri na biyu na aji, wato wanda ba na bincike ba, ba ya zuwa da iyali. Wasu fannonin injiniya sai ka samu takardar izini ta ATAS kafin biza, kuma tana ɗaukar makonni. Bayan kammalawa ana ba da shekara 2 na neman aiki, gwamnati kuma ta sanar za ta mayar da shi wata 18 daga Janairun 2027, wanda kai shi zai same ka. Daga nan sai kamfani mai lasisi ya tsaya maka, a kan albashin da tun Yulin 2025 aka ɗaga mafi ƙarancinsa zuwa fam 41,700, da sassauci ga sabon mai digiri. Ƙananan kamfanoni da yawa ba su da wannan lasisi. Ka bincika kafin ka sa rai a kansu.

Tallafin karatu na gaskiya yana wurin Chevening da Commonwealth, na gwamnatin Birtaniya, da asusun PTDF na gwamnatin Najeriya in fanninka ya shafi makamashi. Chevening na neman ƙwarewar aiki ta shekara 2, kuma sharaɗinta ka koma gida na shekara 2 bayan karatu. Ka san wannan tun yanzu, alkawari ne. Rahoton kwamitin da direban tsere Lewis Hamilton ya kafa ya ƙiyasta a 2021 cewa baƙaƙen fata kashi 1 cikin 100 ne kacal na ma'aikatan Formula 1, kuma an buɗe tallafi bayan haka, amma ka karanta sharuɗɗansu da kyau, don yawanci mazauna ƙasar aka nufa.

Game da addini kuwa, akwai masallatai a Banbury, Oxford da Milton Keynes, nama halal ba ya wahala. Wahalar tana cikin lokaci. Daga Disamba zuwa Fabrairu ake haɗa sabuwar mota, dare da rana, cikin sanyi, kuma azumin 2026 ya faɗo a tsakiyar gwajin motoci na kafin fara kaka a Bahrain. Fita sallar Juma'a sai ka nema tun ranar da aka ɗauke ka, da ladabi amma a fili. Sannan a jikin wasu motoci da allunan fili akwai sunayen giya da caca: Heineken na tare da gasar tun 2016, kamfanin caca na Stake ya riƙe sunan Sauber shekara biyu. Ni na zauna da malami na tambaya kafin na karɓi aiki. Kai ma ka tambaya, kada ka bari sai ka sa hannu.

Yanzu ka gama karatunka da sakamako mai kyau, ka yi bautar ƙasa, ka nemi aiki a masana'anta ko wurin masu haɗa sola. Ka koyi zanen inji da manhajar CATIA ko Siemens NX, ka iya MATLAB da Python sosai. Kada ka bari Baba ya sayar da gona ko gida saboda wannan tafiya, ina roƙonka. Turo mini taken aikinka na ƙarshe da darussan da ka fi ƙarfi a kansu, in duba kwasa-kwasan da suka dace da kai kafin a buɗe neman Chevening a watan Agusta. Ka gaida su Umma.