Amsa: In saka rasuwar mahaifina a wasiƙar neman karatun likita?

Ƙanwata, Allah ya jiƙan Baba. Kin tambaya ko ki ambaci jinyarsa da rasuwarsa a wasiƙarki ta neman gurbi a Amurka. Ki ambata, amma kada labarin ya cinye wasiƙar: AMCAS, tsarin da ake neman gurbin karatun likita ta cikinsa a can, haruffa 5,300 kawai yake ba ki.

Masu karantawa so suke su ga abin da kika yi a lokacin. Da na yi jinyar mahaifiyata a nan Damagaram, na rubuta yadda nake ƙirga mata magani da asuba kafin in wuce makaranta, da dalilin da makina ya faɗi shekara guda sannan ya farfaɗo. Abin da har yanzu kuka ke hana ki faɗa, ki bar shi, domin za su iya tambayarki a ganawar baki da baki.