Gammon mota, da sauran tambayoyin gareji

Saƙon farko na wannan makon daga wani bakanike ne a Kaduna. Ga abin da ya ce:

"Malam, Allah ya ƙara sani. Wani ɗalibi ya kawo mini Golf 3 da gajerun sifirin guda huɗu da aka aiko masa daga Jamus, yana so motar ta matso ƙasa irin yadda yake gani a waya. Da na kwance ƙafar gaba sai na tarar da robar nan mai kama da soso da ke jikin sandar shoka, wadda Bature ke kira bump stop. Takardar da ta zo da kayan ta ce a rage mata tsawo, yarana kuma sun ce a cire ta a huta tunda roba ce kawai. Shin sifirin Hausa ce? Kuma mene ne sunan robar nan da Hausa?"

Amin, Malam bakanike, Allah ya yi wa sana'a albarka. Sifirin Hausa ce mana, kamar yadda birki da direba suke Hausa. Baƙuwa ce da ta zo daga Ingilishi, ta zauna, ta koyi ladabin gida. Harshen Bahaushe ba ya fara kalma da baƙaƙe biyu ko uku a jere, don haka da ya ji spring sai ya raba su da wasali, ya mai da "p" ta koma "f", ya sauƙaƙa ƙarshen. Hanyar da sifana da fulogi da sukurudireba suka bi ke nan. Kalmar da aka yi wa wannan gyara ta riga ta biya kuɗin shiga gari.

Sai dai a lura, sifirin ba iri ɗaya ba ne. Akwai na fallayen ƙarfe da aka jera, irin na manyan motoci da a-kori-kura. Akwai naɗaɗɗe mai kama da murɗaɗɗen awarwaro, shi ne na Golf ɗin da ke gabanka, gaba da baya. Akwai kuma sandar ƙarfe da ke murɗewa ta warware, irin wadda ke bayan Peugeot 206. Wanda ya je neman naɗaɗɗen sifirin na bayan 206 zai sha yawo a kasuwa.

Kafin in zo kan robar, bari in gyara wani abu da ba ka tambaya ba. Na ji samari suna cewa za su "sauke mota". A kunnen Bahaushe, sauke mota shi ne sauke kayan da ta ɗauko. "Durƙusar da mota" kuma ya fi kama da an kashe ta, kamar yadda ake cewa bashi ya durƙusar da kamfani. "Ƙasƙantar" na mutum ne da aka ci wa fuska. "Rage mata tsawo" yana da harshen damo, don tsawon mota daga bambar gaba ne zuwa ta baya. Ni dai na fi son a ce an rage mata tashi daga ƙasa, ko a taƙaice an zaunar da ita, tunda dama in lodi ya yi yawa cewa muke yi motar ta zauna.

To, robar. A nan zan daɗe, domin sunan da aka ba abu shi ke koya wa yaro yadda zai riƙe shi. Yaranka sun ce roba, kuma da suka ce roba sai suka ce a yar. Ba su yi laifi ba, kalmar ce ta ja su. Roba a bakinmu abin banza ne mai arha: bokitin roba, takalmin roba, robar ɗaure kuɗi.

Kalma ta farko da za ta faɗo wa direba ita ce waigi, katakon nan da yaron mota ke dirowa da gudu ya cusa bayan taya a kan gangara. Ita ma baƙuwa ce daga Ingilishi, kuma ta yi nisa a Hausa har ana cewa an yi wa magana waigi, wato an taka mata birki. Waigi yana da hujja, don robar nan ita ce iyakar da ƙafar mota ba ta wucewa idan ta nutsa. Amma waigi abu ne mai tauri da ke tsai da abu cak. Wanda ya ɗauke ta a waigi zai ce ai duk abin da ya tokare ya wadatar, ko gutsuren tsohuwar taya ne.

Ba haka aka yi ta ba. Ka ɗauke ta ka matsa da hannu. Bakinta siriri ne mai laushi, gindinta kauri ne mai tauri, jikinta da gaɓa-gaɓa. Da wani irin kumfan roba mai ƙananan ƙofofin iska ake yin ta, shi ya sa ta yi maka kama da soso. Idan taya ta faɗa rami, bakin mai laushi ne ke fara karɓar nauyin, yana matsewa tana ƙara tauri, har gindin ya ce nan ne iyaka. Ashe ita ma ƙaramin sifirin ce da ke taya babban aiki, ba jiran ranar hatsari kawai take yi ba.

Bahaushe ya daɗe da sanin abin da ke shiga tsakanin nauyi da mai ɗaukarsa, ya matse, ya hana ƙashi haɗuwa da tulu. Sunansa gammo. Na jaki kuma akumari ne, amma akumari shimfiɗa ce mai faɗi, gammo ne ɗan zagaye mai rami a tsakiya, kamar dai robar da sandar shoka ke ratsawa. Shawarata ke nan: a ce gammon shoka, ko gammon sifirin. Ba zan yi maka alkawarin mai sayar da kayan gyara zai gane ba idan ka aika yaro ya ce a ba shi gammo, can sai ka ce robar shoka ka nuna tsohuwar. Amma a wajen koyarwa, yaron da aka ce wa wannan gammo ne ba zai jefa shi a bola ba, don ya ga yadda mai tallar ruwa ke gyara nata kafin ta ɗora tulu.

Na taɓa tsayawa a wani gareji ana kwance ƙafar motata. Da aka zare rigar ƙurar da ke lulluɓe da sandar, sai wani abu ruwan ƙwai ya zubo yana marmashewa kamar busasshen burodi. Yaron ya share da tafin hannu ya ce, "Baba, datti ne." Ogansa ya ɗauki gutsure ɗaya ya murza a yatsa, ya kalle ni ya ce, "Alhaji, ƙarar da kake ji a rami ke nan, ƙarfe ne ke dukan ƙarfe." Wata uku ina ɗora laifin a kan bol-joyin.

Karin maganar da ta dace da shawarar yaranka ita ce "ɗaukar Dala ba gammo". Dala dutsen nan ne na tsakiyar birnin Kano, kuma ana faɗin maganar ga wanda ya jajibo aikin da ya fi ƙarfinsa ba tare da shiri ba. Abin sha'awa a cikinta, ba a tsaya ga girman kayan ba, sai da aka ƙara da rashin gammo, kamar dai da gammon da an ɗan samu sauƙi. Shokar da aka cire wa gammo haka take: sandarta za ta nutse har ƙarshe, cikinta ya daku, ta fara zubar da mai, taya kuma ta riƙa gogar bodi.

Me ya sa kuma takardar ta ce a rage? Lissafi ne mai sauƙi. Irin waɗannan sifirin sukan zaunar da ƙaramar mota da kamar milimita 30 zuwa 40. A misali, in tazarar da ke tsakanin kan shoka da gammon milimita 50 ce, ka zaunar da motar da 35, saura 15. Ɗan lodi kaɗan, motar ta hau kan gammon ta zauna daram, sai ka ji tana tsalle kamar amalanke. Don haka wasu kamfanonin ke cewa a yanke wani yanki, wasu su haɗo da gajeren gammo a kwali, wasu kuma su ce kada a taɓa, don sun auna sifirin ɗinsu da gammon asali. Ka bi takardar, ka duba ta wane gefe ta ce a yanka, ka yanka daidai a hagu da dama. In tsohon ya fara marmashewa, sabo za a saya a yanka.

Sauran aikin ka fi ni saninsa, amma saboda masu karatu: ba a kwance notin saman shoka sai an matse sifirin da abin matse shi, don ƙarfin da ke ciki ya isa ya karya muƙamuƙi. Notukan bushin ana ƙarasa ɗaure su ne bayan an sauke jak, nauyin mota na kan tayoyinta. Daga nan sai wajen saitin taya. Abin da wasu ke yi na yanke sifirin asali da giranda ko gasa shi da wutar walda, wannan ba gyara ba ne. Wuta na kashe ƙarfen, yankakke kuma yana iya zamewa daga mazauninsa.

Saƙo na biyu daga wani matashi ne a Kano. Ya ce shi ma ya zaunar da motarsa, abokai na yi masa dariya, yana so ya rubuta "Durkusawa wada ba gajiyawa ba ne" a gilashin baya. Ya dace?

Ɗana, fara da gyara rubutun: "durƙusa wa wada", kalma uku. "Wa" ɗin nan mai nuna wanda aka yi wa abu ita kaɗai take tsayawa. "Gajiyawa" kuma a nan ba gajiyar jiki ba ce, kasawa ce, danginta su ne gazawa da gajiyayye. Ma'anar ita ce babba ya sassauto wa na ƙasa da shi don wata buƙata ko don ladabi, kuma hakan bai rage shi da komai ba. Akwai masu faɗinta da cewa durƙusa wa wada ba ya hana ka tashi da tsawonka, kuma a nan gizo ke saƙar. Ƙarfin maganar yana ga tashin. Motarka kuwa ta durƙusa ke nan, ba ta miƙewa idan ta ga rami. Ba ta dace ba.

Ka ce kuma mahaifinka ya ce maka "garin neman gira a rasa ido", kana tambaya wane gari ake nufi. Ba garin zama ba ne, ba kuma garin tuwo ba. "Garin" ce ta "a yayin ƙoƙarin", irin ta "garin gudu ya faɗi", kuma kusan kullum abin da ke biyo bayanta ba mai daɗi ba ne. Gira ado ce, ido kuwa amfani. Ina ganin Baba kaskon man injin ya hango.

Ba na cewa zaunar da mota wauta ce. Inda aka fi yin ta, kamar Jamus, titi sumul yake, kuma mota mai kusa da ƙasa ba ta yawan karkata a kwana. Can ma ba a sakin abin haka: sifirin sai mai takardar amincewa, in ba haka ba mota ta faɗi a wajen masu duba lafiyar motoci. Mu kuwa a nan, da yawanmu in mota ta iso daga Kwatano tunanin ɗaga ta muke yi. Ba banza Peugeot 504, wadda aka yi ta haɗawa a Kaduna, ta yi farin jini ba: ƙafarta doguwa ce, tana da wurin nutsawa.

Na ƙarshe, wata malamar makaranta daga Maraɗi ta tambayi sunan tudun da ake yi a kan titi don masu mato su rage gudu. Ta ce da Faransanci sun san shi da dos d'âne. Malama, wannan sunan ma'anarsa gadon bayan jaki, kuma duk wanda ya taɓa hawan jaki ba akumari zai yarda an yi dacen suna. A wajenmu na fi jin direbobi suna cewa bam, aro daga Ingilishi. A rubutu ni "tudun rage gudu" nake sawa. Makon jiya na ga wata zaunanniyar mota ta iso irinsa a unguwarmu. Direban ya karkace ta, ya hau da tayar hagu, ya jira, ya hau da ta dama, mai Keke Napep na bayansa yana ta danna oda, duk da haka sai da salansa ta ce ƙuuu.