Tambaya da Amsa: Wane Batman ne na asali?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Malam, wata gardama ce ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a majalisarmu. Ni na ce Batman ya fi Superman farin jini, abokina ya ce ko kusa. Ana cikin haka sai wani yayanmu ya ce duk ba mu san Batman ba, wai na asalin mai raha ne, ba wannan mai ɗaure fuska da magana ta maƙoshi ba. A raba mana gardama.
Daga wani ɗalibi a Samaru, Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanina. Yayanku yana da gaskiya ta wani gefen. Wanda yake nufi shi ne Batman na talabijin da Adam West ya fito a matsayinsa daga 1966 zuwa 1968, mai yawo da rana tsaka, mai gaisawa da 'yan sanda, wanda a fim ɗinsa na 1966 har maganin feshi na korar kifin teku ya zaro. Amma kafin wannan akwai wani. Batman ya fara fitowa ne a 1939, a mujallar Detective Comics ta 27, aikin Bob Kane da Bill Finger, kuma na wancan lokacin da dare yake farauta, yana riƙe bindiga wani sa'in, yana kisa ba ya waiwaye. Da kamfanin ya lura yara ne suka fi sayen mujallar, sai aka ba shi yaro mataimaki, Robin, a 1940, aka kuma raba shi da bindiga. Dokar nan da masoyansa ke rantsuwa da ita yau, cewa Batman ba ya kisa, daga teburin edita ta fito.

Sai 1954 ta zo. Wani likitan ƙwaƙwalwa, Fredric Wertham, ya fitar da littafi yana cewa waɗannan mujallu ne ke lalata tarbiyyar yara, har Majalisar Dattawan Amurka ta zauna a kan batun. Don gudun kada gwamnati ta sa musu hannu, kamfanonin suka kafa wa kansu hukumar tacewa. Cikin ƙa'idojinta akwai cewa dole mai gaskiya ya yi nasara a kowane labari, kuma ba a nuna ɗan sanda ko alƙali ta yadda za a raina shi. To ka ga jarumin da dalilin fitowarsa shi ne garinsu ya ruɓe, an ɗaure masa hannu ke nan. Shi ya sa a shekarun 1950 aka koma haɗa shi faɗa da halittun wata duniya, aka ba shi kare mai rufe fuska. Na talabijin ɗin da yayanku ya sani daga wannan zamanin ya tsiro.

A farkon shekarun 1970 marubuci Dennis O'Neil da mai zane Neal Adams suka mai da shi cikin duhu, sannan a 1986 Frank Miller ya zana shi dattijo ɗan shekara 55 da ya dawo bakin aiki cike da fushi bayan shekara goma da ajiyewa. Daga nan Tim Burton ya ɗauka a fim ɗin 1989, Christopher Nolan ya ɗora daga 2005 zuwa 2012. Wannan ne naka.

Superman ma haka, kuma canjinsa ya fi damuna. Samari biyu 'ya'yan Yahudawa baƙin haure a Cleveland, Jerry Siegel da Joe Shuster, su suka ƙirƙiro shi, ya fito a 1938, lokacin da talauci ya yi wa Amurka katutu. Ba ya ma tashi sama a lokacin, tsalle yake yi. Ka duba abin da ya yi a fitowarsa ta farko: ya fasa gidan gwamna cikin dare don a ceci wata mata da za a kashe kan laifin da ba ta yi ba, ya nakaɗa wa wani mai dukan matarsa duka, ya bi sawun masu cin hanci a majalisa. A wata fitowar ya tura wani mai mahaƙar ma'adinai cikin ramin da yake jefa leburorinsa, don ya ɗanɗana. Jarumin talaka ne. Yaƙin Duniya na Biyu da abin da ya biyo baya su suka mai da shi mai tsaron tuta da doka, har a littafin Miller aka nuna shi ɗan aiken fadar shugaban ƙasa. A fim ɗin 2013 ya karya wuyan abokin gabarsa Zod, masoya suka yi ta cacar baki shekara da shekaru. Na 2025 kuma ya dawo da fara'arsa har da kare. Ni dai na 1938 nake ƙauna, wanda ƙarfinsa ya tsaya a bayan marar gata, kuma ina ganin duk marubucin da ya manta da wannan ya bar Superman da jar alkyabba kawai.

Abin ya yi kama da Gizo na tatsuniya, wanda kowace kaka take ba shi halin da ya dace da darenta. Bambancin shi ne Gizo ba na kowa ba ne, su kuwa waɗannan dukiyar kamfani ne. Siegel da Shuster sun sayar da Superman kan dala 130, alhali a 2024 an sayi kwafi guda na waccan mujallar ta farko kan dala miliyan 6. Bill Finger, wanda ya tsara yawancin abin da muka sani da Batman, ya mutu a 1974 cikin rashi, sai a 2015 aka fara sa sunansa a hukumance. Wannan zalunci ne, kuma ya kamata mai son waɗannan jarumai ya san shi.

Batun farin jini kuwa, a shekarun 1940 abokinka ne da gaskiya. A yau kai ne. Finafinan Batman biyu, na 2008 da na 2012, kowanne ya haura dala biliyan ɗaya, har bos ɗinsa Joker ya yi nasa a 2019 ya haura, amma babu fim ɗin Superman shi kaɗai da ya kai nan. Dalilin a ganina shi ne Batman yana lanƙwasuwa. A yi shi da raha ya zauna, a yi shi da baƙin rai ya zauna, muddin an bar masa asalinsa na yaron nan da aka kashe iyayensa a gabansa. Superman kuwa mutumin kirki ne tun daga zuciya, kuma rubuta mutumin kirki ya yi armashi aiki ne da ba kowane marubuci ke iyawa ba.

TAMBAYA: Wai su waɗannan jaruman suna mutuwa kuwa da gaske?
Daga wani tela a Maraɗi

AMSA: Malam, a nan ma akta ba ya mutuwa. An kashe Superman a ƙarshen 1992, jaridu suka ɗauka, mutane suka yi layi suna sayen mujallar, a 1993 ya dawo. An harbe Captain America a 2007, ya dawo a 2009. Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne Jason Todd, Robin na biyu. A 1988 kamfanin DC, mai buga mujallun Batman, ya ba da lambobin waya biyu, ya ce masu karatu su zaɓa ko yaron ya rayu ko ya mutu. Mutum 5,343 suka ce ya mutu, 5,271 suka ce ya rayu. Da tazarar ƙuri'a 72 aka bar Joker ya kashe shi. Ban taɓa jin daɗin wannan ba, don yaro ne aka sa a kasuwa. Shi ma ya dawo a 2005.

TAMBAYA: Malam, yarana sun kalli wani katun na Spider-Man, na ga yaro ne baƙar fata. Mu wanda muka sani Bature ne. Shin canja shi aka yi don a faranta wa baƙaƙe rai? Ni ba na son a riƙa ba mu saura.
Daga wata malamar firamare a Jos

AMSA: Malama, na fahimci damuwarki, kuma akwai inda take da tushe. Amma wannan yaron ba Peter Parker, wato Spider-Man ɗin da kika sani, ba ne aka shafa wa baƙin fenti. Sunansa Miles Morales, ɗan Brooklyn, babansa baƙar fatar Amurka, mahaifiyarsa 'yar asalin Puerto Rico. Brian Michael Bendis da Sara Pichelli suka ƙirƙiro shi a 2011, kuma Peter na nan a babban jerin mujallun bai je ko'ina ba.

Ga ma'aunin da nake amfani da shi. Spider-Man da Stan Lee da Steve Ditko suka fitar a 1962 maraya ne da baffansa Ben ya riƙe. Da ya sami ƙarfi, ɓarawo ya gifta ta gabansa ya ƙi tare shi, ya ce ba ruwansa, sai ɓarawon nan ya je ya kashe baffan. Wannan nadamar ita ce Spider-Man, tare da kuɗin haya da ba ya iya biya da matar baffansa da ke yawan rashin lafiya. Miles ma an ba shi nasa nauyin: baffan da ya fi shaƙuwa da shi, Aaron, ashe mai laifi ne, babansa kuwa a fim ɗin ɗan sanda ne da ba ya ƙaunar masu rufe fuska. Labari ne mai tsayuwa da ƙafarsa, shi ya sa fim ɗin 2018 ya ci kyautar Oscar. Ki bar yaran su kalla.

Canjin da ya ɓata Spider-Man a wurina bai shafi launin fata ba. Peter ya auri Mary Jane a 1987. Bayan shekara 20, editoci suka ga aure ya tsufar da shi, sai a 2007 suka rubuta cewa ya ƙulla yarjejeniya da wani shaiɗani mai suna Mephisto, aka goge auren kamar ba a taɓa yi ba, don a ceci ran matar baffansa. Mutumin da duk labarinsa ɗaukar nauyin abin da ya aikata ne, aka sa shi ya tsere wa nauyi ta hanyar shaiɗan. Har yau masoya ba su yafe ba, ni ma ina cikinsu.

In kina neman wadda aka gina tun daga tushe, akwai Kamala Khan, yarinya Musulma 'yar asalin Pakistan a Jersey City, wadda mujallarta ta fara a 2014. Mata biyu Musulmi, G. Willow Wilson da Sana Amanat, suna cikin waɗanda suka ƙirƙiro ta.

TAMBAYA: Muna yara Superman da Batman da Spider-Man kawai muka sani. Daga ina su Iron Man da Black Panther suka ɓullo har suka cika gidajen kallo?
Daga wani mai karatu a Kumasi

AMSA: Ɗan'uwa, tsofaffi ne, kasuwa ce ba ta waiwaye su ba. Iron Man tun 1963 yake. Kamfanin Marvel, mai waɗannan jarumai, ya karye a 1996, kuma haƙƙin fim na manyan jarumansa ya koma hannun wasu: Spider-Man wurin Sony, X-Men wurin Fox. Da ya tashi yin finafinai da kansa sai ya laluba cikin waɗanda suka rage, ya fito da Iron Man a 2008. Fim ɗin ya karɓu, shekara guda bayan haka Disney ya saye Marvel kan kimanin dala biliyan 4.

Black Panther kuwa ya fito a Yulin 1966, watanni kaɗan kafin a kafa ƙungiyar baƙaƙen Amurka mai irin sunan, har a 1972 aka ɗan canja masa suna zuwa Black Leopard don gudun a haɗa su. Ya daɗe yana ɗan rakiya a labaran wasu. Don McGregor ne a 1973 ya mai da labarin cikin Wakanda, ƙasar Afirka ta ƙirƙira da yake sarauta, ya kawo abokin gabarsa Killmonger, Christopher Priest a 1998 ya kawo dakarun matan nan masu aske kai, ya kuma rubuta shi a matsayin sarki mai dabara da ke gaban kowa da taku biyu, Reginald Hudlin ya kawo ƙanwar sarkin, Shuri, a 2005. Fim ɗin 2018 da ya tara sama da dala biliyan 1.3 a kan aikin waɗannan ya hau.

Akwai wuri guda a fim ɗin da ya taɓa mu kai tsaye. A farkonsa an rubuta dajin Sambisa a fuskar allo, jarumin ya diro kan ayarin motocin 'yan bindiga ya kuɓutar da matan da aka sace, shekara huɗu bayan sace 'yan matan Chibok. Na ji daɗin an tuna da su, amma raina ya sosu, don cikin 'yan mintuna aka gama aka wuce, alhali iyaye da yawa na can suna jira. Ciwonmu ya fi ƙarfin a buɗe fim da shi a manta.

Bayan rasuwar Chadwick Boseman, ɗan wasan da ya fito a matsayin Black Panther, a Agustan 2020, Marvel ya ƙi ba wani matsayin T'Challa, wato sarkin, aka miƙa wa Shuri rigar a fim ɗin 2022, kamar yadda ta taɓa karɓa a mujalla a 2009. Na girmama niyyar, amma ban goyi bayan a binne sarkin tare da ɗan wasan ba. Mutum nawa suka fito a Batman tun daga Adam West, babu wanda ya ce a rufe Gotham, garin Batman. Sarkin Afirka ɗaya tilo da ke cikin manyan jaruman nan ya cancanci a nemo wani ɗan wasa a ci gaba da ba da labarinsa.