Kafin ka canja batir, ka ba wayar nan kwana uku

Malam, ka ce wayarka Android ce mai batir 5000mAh, ta shekara biyu a hannunka, kana cire ta daga caji da safe a cike, kafin la'asar ta mutu, kuma mai gyara ya ce batir ne, ka kawo kuɗi a canja. Ta yiwu gaskiyarsa ne. Amma ka dakata da kuɗin nan tukuna, don ni na taɓa bayarwa kuma na yi asara.

Shekarun baya na koma wani ɗaki can ƙuryar gida, ginin ƙasa mai kaurin bango, rufin kwano, taga ɗaya ƴar ƙarama. Ban yi sati biyu ba wayata ta fara zubar da caji kamar ruwa a kwando. In kwanta tana 90, in tashi sallar asuba in tarar da ita 55, ga ta da ɗumi alhali ba wanda ya taɓa ta. Na kai wa wani mai gyara, ko kunna ta bai yi ba, ya juya ta a hannu ya ce batir ya tafi. Aka sa sabo. Daren farko na kwanta da murna tana 100, na tashi na ga 67. Har na fara zargin jabu ya sa mini. Sai wata hidimar suna ta sa na kwana gidan yayana, da safe na duba, kashi 4 kacal ta sha. Waya ɗaya, batir ɗaya, wurin kwana ne kawai ya bambanta. Ashe layina na biyu ne, wanda na ajiye don alat na banki kawai. A ɗakin nan sanda ɗaya yake kamawa, wani lokaci ma ya ɓace gaba ɗaya, waya ta kwana tana lalubensa.

Ga yadda abin yake. Kullum waya cikin magana take da ƙarfen sabis, ko kana kira ko ba ka yi. Idan sabis ya yi rauni sai ta ƙara ƙarfin da take aikawa da shi, kamar mutumin da ke kiran wani daga tsallaken kogi, dole ya ɗaga murya. Wannan ɗaga muryar daga batir take fita. In kuwa layi biyu ne, wahala biyu ke nan. Haka ma idan ka bar ta a kan 5G a unguwar da 5G ɗin ke zuwa yana tafiya, ko 4G a ƙauyen da bai zauna ba: sauka da hawan nan na cin caji sosai. Na kashe layin na biyu da daddare, na daina tura wayar ƙarƙashin matashi, na koma ajiye ta bakin taga. Magana ta ƙare. Tsohon batir ɗina kuwa lafiyarsa ƙalau aka jefar da shi.

Tun daga lokacin duk wanda ya kawo mini irin kukanka, gwajin dare uku nake sa shi, kuma ba ya cin ko sisi.

Daren farko kada ka canja komai. Bayan isha ka duba lambar cajin, ka rubuta a takarda, kada ka dogara da ƙwaƙwalwarka. Ajiye wayar inda ka saba, ba a jikin caja ba, kada ka sake taɓa ta sai asuba. A nawa ganin, lafiyayyar waya ba ta wuce kashi 3 zuwa 6 a dare. Idan naka bai wuce haka ba, to wayar ba ta zuba, da rana ne ake cinye cajin, zan zo kan wannan. Idan kuwa ka ga 15 ko 20 ko fiye, akwai ɓarawo a gidan.

Dare na biyu ka danna alamar jirgin sama, wadda ke yanke layi da data gaba ɗaya, ka tabbata Wi-Fi da Bluetooth ma a kashe suke. In da safe zubar ta tsaya, batir ya wanke kansa, domin batir da ya lalace bai san an kunna jirgi ba. Saura mutum biyu ake tuhuma: sabis mai rauni, ko wata manhaja da ke aiki da data a ɓoye.

Dare na uku shi ke raba su. Ka mayar da layi da data yadda suke, amma ka tashi wayar a yanayin da manhajojin da ta zo da su daga kamfani kaɗai ke aiki. A yawancin wayoyin Android, ka danne maɓallin kashewa, idan rubutun kashewa ya fito a fuskar waya ka ɗora yatsa a kansa ka riƙe, za ta tambaye ka ko ta tashi a Safe mode. Za ka ga rubutun a ƙasan fuskar in ta tashi. Kada gabanka ya faɗi idan ka ga manhajojinka sun yi toka-toka ko sun ɓuya, suna nan, da ka kashe ka kunna za su dawo. In zubar ta tsaya a wannan daren, wata manhaja ce da kai ka saukar. In ba ta tsaya ba, ka koma kan sabis, ka gwada kashe layi ɗaya ko canja ɗaki.

Akwai kuma wanda ko da jirgin a kunne wayarsa na zuba. Shi sai ya kashe ta ɗungurungum ta kwana a kashe. Idan ya kunna da safe ya ga ta sha da yawa, to ko batir ne ko kuma wani abu a allon injin wayar ke jan wuta, galibi bayan ta faɗa ruwa ko gumi ya daɗe yana shiga. Wannan aikin mai gyara ne na gaske, wanda zai jona ta a na'urar auna wuta ya ga abin da take ja, ba mai juya waya a hannu ba.

Yanzu batun rana, wanda ina jin nan naka yake. Ka shiga saitin waya, ɓangaren batir, ka buɗe inda ake jera abin da kowace manhaja ta ci. Kada ka tsaya kan wadda ke sama kawai. Idan TikTok ko Facebook ko YouTube ne a sama kuma ka san ka yi awa huɗu a kansu, ba laifin kowa ba ne, hasken fuska da bidiyo da data su ne manyan masu cin caji a kowace waya. Wadda za ka sa wa ido ita ce wadda ba ka buɗe ba yau amma ga ta a jerin farko. Wayar ƙanena haka ta yi. Da muka duba, wata manhaja ce mai hoton tsintsiya, wai tana share datti tana sanyaya waya, ita ce ta biyu a jeri, ga talla tana watso masa ko yana tsakiyar kira. Muka goge ta, cajinsa ya koma kai shi dare. Irin waɗannan ba ka buƙatarsu. Tun Android 6 da ya fito a 2015 tsarin da kansa yake kwantar da manhajoji idan an ajiye waya, kuma yawan share su daga jeri kowane minti ba ya rage komai, don sake tashinsu daga farko ma caji ne. Ka kuma yi hattara da WhatsApp ɗin nan na bayan fage da ake turawa ta Xender. Bayan haɗarin rufe maka layi, ba ka san abin da yake yi a ɓoye ba.

Sauran ƙananan abubuwan ka san su: rage haske, kashe hosfot in ba a amfani da shi, hana guruf-guruf saukar da bidiyo da kansu, mayar da saurin fuska daga 120Hz ko 90Hz zuwa 60Hz. Mayar da fuskar waya baƙin launi yana taimakawa ne idan fuskar irin AMOLED ce, wadda ke kashe hasken duk wurin da ke baƙi, a kan irin LCD kuwa kusan ado ne kawai. In kuma kwanan nan ka sabunta tsarin wayar, ba ta kwana biyu ta daidaita kafin ka yanke hukunci.

To amma shekara biyu ba wasa ba, kuma batir yana tsufa. Kamfanin Apple ya ce batiran iPhone 14 da na baya an yi su ne su riƙe kashi 80 na ƙarfinsu bayan cikakken zagaye 500 na caji. Zagaye ɗaya shi ne ka cinye kashi 100, ko da rabi yau rabi gobe ne. Wanda ke cinye caji ɗaya kullum zai kai 500 cikin kamar wata 16. Batiran Android ma dangin lithium ne, tafiyarsu kusan ɗaya. Ke nan 5000 ɗinka yanzu yana iya zama 4000 ko ƙasa. Ga kuma zafi. Apple ɗin dai ya yi gargaɗi cewa zafin da ya wuce digiri 35 na iya rage ƙarfin batir har abada, mu kuwa a watan Afrilu muna haura 40 a inuwa. Ka haɗa da barin waya a gaban mota, da kallon bidiyo tana jikin caja cikin kauri-kaurin kwaba, da shagon mai caji inda ake jibge wayoyi talatin a akwati ɗaya kusa da janareta. Batir a ƙasar nan ba ya ganin tsufa mai daɗi.

Alamominsa ba sa ɓuya. Waya tana 30 ka buɗe kyamara ta mutu, ka jona caja ta tashi tana 25. Ko ta faɗo daga 40 zuwa 12 cikin ƙiftawar ido. Ko ta cika da sauri fiye da da, ta kuma ƙare da sauri. Mai iPhone ya duba lafiyar batir a saiti, mai Samsung ya gwada a manhajar Samsung Members, sauran kuma manhajar AccuBattery na ba da ƙiyasi bayan an yi caji da ita sau da dama. Sannan ka cire kwabar ka kwantar da wayar a kan tebur. Na mahaifiyarmu da na yi mata haka, sai na ga tana lilo, murfin baya ya ɗaga har farce na shiga, ita kuwa Hajiya ta ɗaure abinta da robar kuɗi tana ci gaba da sauraron karatu. Idan ka ga haka, ka manta da gwajin dare uku. Kada ka sake sa ta caji, kada ka danna kumburin, kada ka huda, ka kai a cire a ranar, don kumburarren batir yana iya kamawa da wuta.

In ta tabbata canjin za a yi, ka je ofishin gyara na kamfanin wayar idan akwai a garinku, ko mai gyaran da zai buɗe kwalin a gabanka ya kuma yarda ka dawo in bai yi ba. Duk batir da aka rubuta masa lambar da ta ninka ta asali alhali girmansu ɗaya, ƙarya ce aka buga a takarda.

Ka fara daren yau. In ka gama, ka kawo mana lambobin ukun, da hoton jerin manhajojin, ka kuma faɗa mana layi nawa ne a wayar da sanda nawa kowanne ke nunawa a ɗakin da kake kwana.