Kafin ka taɓa fokas, duba inda ramin yake

Ɗana, na saurari saƙonka bayan sallar isha'i, na kuma buɗe hotunan da ka turo daga Faransa ɗaya bayan ɗaya. Ka ce ka jera wa mikroskof ɗin elektaron ramuka, wato ƙananan hujojin shimfiɗar karbon da samfurin furotin ke daskare a cikinsu cikin ƙanƙara, ka bar shi ya kwana yana ɗauka, da safe ka tarar kusan rabin hotunan karbon ne ko bakin rami, waɗanda suka faɗa kan ƙanƙara kuma wasu sun fito ras, wasu dishi-dishi. Kana tambaya ko ka goge saitin fokas na SerialEM, manhajar da ke tuƙa mikroskof ɗin, ka sake shi daga farko. Kada ka goge. Fokas shi ne na ƙarshe a layi, kuma ina zaton ba shi da laifi a wannan daren.

Sake duba hotunan naka. A kusan dukkansu karbon ɗin daga ƙasa ta hagu yake shigowa, kuma faɗinsa kusan ɗaya ne. Da teburin samfur ne ke wasa, da ka ga kuskuren ya watsu, wannan ya kauce gabas wancan ya kauce yamma. Kuskuren da ke maimaita kansa ta gefe guda, lamba ce aka ba manhajar ba daidai ba, ita kuma ta riƙe ta amana har gari ya waye. Manhajar nan ba ta san rami ba. Lissafi take yi da abin da ka gaya mata.

Ka tuna girman abin da muke harbi. Rariyar da ka ɗora samfur a kai milimita 3 ce da ɗan ɗori. Irin wadda kake amfani da ita, Quantifoil R1.2/1.3, faɗin kowane rami mikron 1.2 ne (mikron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), tsakanin rami da rami mikron 1.3. Silin gashin kanka ya fi ramin nan kauri sau hamsin ko fiye. Hoton ƙarshe kuwa, a girman da ake ɗaukar furotin, filinsa bai kai rabin mikron ba. To ka ga kaucewar da ba ta cika rabin mikron ba ta isa ta kai ka bakin rami.

Farkon aiki tsayi ne. Teburin yana karkata a kan wani layi, kuma dole samfurin ya zauna daidai kan layin nan. In ya yi sama ko ya yi ƙasa, da an karkata tebur sai ka ga hoton yana zamewa gefe. Ka sa teburin ya riƙa lilo hagu da dama, ka zuba ido kan wani ɗan datti, ka yi ta ɗaga tsayin ko sauke shi har dattin ya tsaya cak yana ɗan motsi a wurinsa. Manhajar tana yin wannan da kanta, na gaggawa sannan na tsanaki, amma ka iya shi da hannunka don ka gane ranar da ta yi shirme. Kuma a kowane murabba'i na rariyar ake sake aunawa, domin rariyar ba ta taɓa shimfiɗuwa sumul. Hantsaki ya ɗan lanƙwasa ta tun wurin daskarewa. Abin da na fi gani wurin sabbin hannu shi ne su tarar hoto bai fito ba, su kama murɗa fokas har ya fito. Tsayi ne ya ɓace, suka biya bashinsa da wutar ruwan tabarau. Daga nan girman hoto ya ɗan sauya, saitin haske ya goce, duk awon da aka yi a baya ya tashi daga aiki.

Yanzu ga inda nake zargi. Kana neman rami a yanayin View, girma kaɗan, haske kaɗan, sannan a harba hoton gaske a yanayin Record. Tsakiyar wannan da tsakiyar wancan ba sa haɗuwa don kansu, sai an auna tazarar an gaya wa manhaja. Shi View ana janye masa fokas da nisa, mikron gommai, don ramuka su fito baro-baro, kuma janyewar nan tana ture hoton gefe, tana ɗan sauya girmansa. Duk wanda ya taɓa lambar nan bayan an auna tazara ya rushe awon. Ni na taɓa yi. Wani dare a wurin da na yi aiki a can, ramukan ba sa fitowa da kyau, na ƙara janye fokas ɗin View, na ji daɗin yadda suka bayyana, na sa riga na tafi gida. Da safe karbon zalla na tarar, na kwana guda cur, ga samfurin da wata ɗaliba ta shafe watanni tana tacewa. Ka tambayi wanda ya yi aiki kafin kai ko ya taɓa wurin.

Gwajin ba ya cin minti goma. Nemi ɗan ƙullun ƙanƙara ko wani datti mai siffar da ba za ka rikita ta da wata ba. Kawo shi tsakiya a Record. Koma View, ka ga inda ya faɗa. In ba a tsakiya yake ba, ka yi masa alama ka sa manhajar ta gyara tazarar. Daga babban girma ake saukowa ƙarami, kada ka yi akasin haka. In babu datti kusa, zaɓi ramin da ba ka buƙata, ka bar hasken Record a kansa ya ƙona ƙanƙarar, sai ka koma View: tabon ƙunar zai nuna maka inda bindigarka ke harbi da gaske. Ka je ka dawo sau uku. Ruwan tabarau na na'urar nan maganaɗisu ne, ƙarfen cikinsa yana riƙe ɗan saura na halin da ya baro, shi ya sa inda hoto zai tsaya ya danganta da hanyar da aka biyo. Ka bar manhajar ta riƙa daidaita su duk lokacin da za ta sauya girma, ko da hakan zai ci daƙiƙu.

Teburin ma yana da nasa hali. Ka san sitiyarin tsofaffin 504 da ke jigila tsakanin Yamai da Tawa, wanda direba zai juya kusan taƙi guda kafin taya ta amsa? Haka haƙoran teburin suke. Don haka ake sa shi ya riƙa isa kowane wuri ta gefe ɗaya, ya kai kusa kawai, sauran tazarar a cike ta da karkatar da hasken elektaron, wanda ba shi da haƙori. Bayan ya tsaya kuma sai a jira ya daina jan jiki. In kana ɗaukar ramuka da yawa daga tsayuwa guda, ka tabbata an auna gyaran coma, wato ɓacin hoton da karkatar haske ke jawowa, in ba haka ba ramukan nesa za su yi kyau a ido amma su rage maka kaifi wurin lissafi.

Sai fokas. Miƙa babban yatsanka, ka rufe idon dama, ka buɗe ka rufe na hagu. Yatsan zai yi tsalle, kuma girman tsallen ya danganta da nisansa. Haka manhajar ke yi: ta karkata haske gefe ta ɗauki hoto, ta karkata ɗaya gefen ta sake ɗauka, ta auna yadda hoton ya matsa. In bai matsa ba ana kan fokas. In ya matsa, ta juya tazarar zuwa mikron bisa awon da aka taɓa yi mata. Ana yin wannan a kan karbon tsakanin ramuka, saboda karbon yana da ƙwayoyin da za a kama, kuma don kada a ɓarnatar da samfur. Kasafin hasken da muke sa wa samfur duka elektaron 40 zuwa 60 ne a kan kowane murabba'in angistirom (angistirom ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu goma na mikron), ba mu da na kyauta.

To wurin fokas ɗin nan daga wurin Record ake auna shi. Da Record ɗinka ya goce zuwa bakin rami, shi ma ya goce tare da shi, wani lokaci ya faɗa cikin ramin maƙwabci, inda ƙanƙara ce fara fat babu abin kamawa. Manhajar ta auna hayaniya ta ba ka lamba. Ciwo ɗaya ne ya fito maka ta wuri biyu.

Idan ka gyara tazarar, ka gwada fokas ɗin da hujja. Nemi mikron 1.5 ƙasa da fokas, ɗauki hotuna goma, ka ba manhajar CTFFIND ta karanta zoben Thon ɗinsu, wato zobban da ake gane ainihin fokas ɗin hoto da su. In duka sun kauce da kusan adadi ɗaya, ƙara wannan adadin a matsayin gyara, shi ke nan. In sun watsu, sannan ne za mu yi zancen sake awo, a girma da hasken da kake aiki da su, bayan ka tabbatar saitin karkatar haske yana daidai. Mutumin da ya rubuta SerialEM, David Mastronarde na jami'ar Kolorado a Amurka, ya yi bayanin kowane awo a littafin taimakonta. Yana da tsawo, amma ka karanta sashen Low Dose, wanda ke bayanin aiki da haske kaɗan, gaba ɗayansa.

Ranar da za ka sake kunnawa, kada ka danna ka kama hanya. Zauna ka ga ramuka ashirin na farko da idonka, gwargwadon shayi na ɗaya da na biyu. Ka duba kuma an sa ta dakata lokacin da ake cika ruwan azot mai sanyaya samfur, domin teburin yana girgiza a lokacin.

Turo mini hoton allon View da tabon ƙunar a ciki. Yanzu da sanyi ya shigo agogonmu ɗaya da ku, ina nan gida bayan la'asar. Na haɗu da babanka a masallacin Juma'a, yana tambaya ko kana cin abinci.