Ragowar baƙin man janareta tun bara: a zuba ko a bari?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon cajin waya da buga takardu a Aboabo, nan Kumasi. Bara na sayi baƙin mai galan ɗaya mai lita 4 saboda janareta, na zuba kaɗan na ajiye sauran. Ko zai yi amfani har yanzu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Wannan tambaya ta makanikan Suame Magazine ce, wato unguwar garejin Kumasi, amma tunda janaretan nan shi ke riƙe da kwamfutarka ranar da dumsor, wato yawan ɗauke wuta, ya waiwayo, ta shigo gonarmu.

Galan da ba a fasa murfinsa ba yakan kai kamar shekara 5. Da zarar an buɗe shi kuwa, abin da aka fi ba da shawara shi ne a ƙarar da shi cikin shekara guda. Naka ke nan yana bakin gaɓa, inda ya kwana a shagon shi zai raba gardama.

Babban abokin gabarsa iska ce. Duk lokacin da galan ya ɗau zafi da rana ya huce da dare, iska na shiga tana fita idan murfi bai kamu sosai ba. Iskar Kumasi kuma kowa ya san laimarta, balle da damina. Laimar takan zama ɗigon ruwa a cikin galan, ta ɓata sinadaran da aka haɗa man da su don hana tsatsa da cin ƙarfe. Lokacin hunturu kuma ƙura ce ke bin baki ta shiga. Galan da aka kwashe rabinsa ya fi saurin lalacewa, don wurin iska ya yi yawa a ciki.

Tsiyaya kaɗan a kwalba mai garau, ka ɗaga wa haske. In ya fito tas, kalar zuma, zuba abinka. In ka ga ya yi fari-fari kamar shayi da madara, ko gudaji a ƙasa, ruwa ko datti ya shiga. Ka ba makanike ya haɗa da tsohon man juye, kada a zuba a kwata.

Ajiya: goge bakin galan, ɗaure murfi tam, ɗora shi a kan katako cikin inuwa, nesa da zafin janaretan. Kada ka juye shi a robar ruwan sha, yara na shiga shago. Ranar da ka buɗe sabo, rubuta kwanan wata a jiki, ka sa wa kalandar wayarka tunatarwa.

Man da ke cikin injin ma yana tsufa ko ba a kunna ba. Yawancin ƙananan janareta ana canja musu mai bayan awa 50 zuwa 100 na aiki, ko wata 6. In kuwa naka ɗan ƙaramin nan ne da ake gauraya wa mai da fetur, man da aka rubuta wa 2T yake sha, ba wannan ba.