Rijiyar Gidanmu Tana Warin Fetur

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni mai koko ce a Aboabo, Kumasi. Tun da damina ta kankama ruwan rijiyarmu yake warin fetur, in ya kwana a bokiti sai a ga maiƙo mai launi-launi a samansa. Akwai gidan mai a bayan katangarmu. Sau biyu muna sa a yashe rijiyar, mun zuba alam, duk a banza. Mai gidan ya ce mu riƙa tafasawa. Yaya zan yi? Daga Hajiya mai koko.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Don girman Allah, daga yau kada ki sake dama koko da ruwan nan. Kada a sha, kada a yi wa yara wanka da shi. A cikin fetur akwai sinadarin benzin, wanda ke jawo kansar jini idan jiki ya daɗe yana ɗaukarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce maikirogiram 10 a lita guda ta ruwan sha, abin da ido ba ya gani. Tafasawa tana tashinsa ne ya shiga iskar madafa, ke da kike tsaye a kan tukunya ki shaƙa. Alam kuwa laka kawai yake kwantarwa.

Yasar nan ce ta fi tayar mini da hankali. Tururin fetur ya fi iska nauyi, a gindin rijiya yake taruwa. Mai yasar rijiyar yana iya suma a ciki, ƙyastu ɗaya kuma ya isa ya tayar da wuta. Ba mu manta da daren 3 ga Yuni 2015 a unguwar Circle ta Accra ba, da mai ya bi saman ruwan ambaliya, wuta ta kama, rayuka sama da 150 suka salwanta. Kada kowa ya sake shiga, kuma ki janye murhunki daga bakin rijiyar.

Yasar ma ba za ta yi magani ba. Tankin gidan mai a ƙasa yake binne. In ya yi tsatsa, ko mahaɗin bututu ya saki, man sai ya yi ta tsiyaya har ya tarar da ruwan ƙasa, ya kwanta a kansa kamar man gyaɗa a kan miya. Da damina ruwan yana tasowa ya taɓa ƙasar da ta sha mai, shi ya sa kika ji warin yanzu. Duk gugan da aka kwashe, ruwan da zai maye gurbinsa daga gefe yake zuwa, ya janyo man tare da shi. Na taɓa tsayawa a kan wata rijiyar gwaji a harabar wani gidan mai, muka zura bututun roba mai haske muka jawo: ruwa garau a ƙasa, fetur mai launin shayi kamar faɗin yatsu biyu a sama. Ma'aikatan wurin sun rantse tankinsu lafiya yake, kuma na yarda ba su sani ba.

Kada ki yi saurin ɗora wa maƙwabcin laifi, domin tankin janareta ko garejin makanikai ma suna yin wannan ɓarna. Gwaji ne zai raba gardama. Ki tuntuɓi ɗakin gwajin ruwa, ko na jami'ar KNUST ko na cibiyar binciken ruwa ta CSIR, ki faɗa musu ƙarara cewa mai kike zargi, don gwajin ƙwayoyin cuta da aka saba ba ya nuna shi. A kwalbar gilashi ake ɗiba, a cika ta maƙil ba iska, a kai da sanyinta.

Sannan ku rubuta ƙorafi zuwa ofishin hukumar kare muhalli, EPA, da hukumar NPA mai ba gidajen mai lasisi. Ku tafi da asambuliman ɗinku (wakilinku a majalisar ƙaramar hukuma) da mai unguwa, ku riƙe kwafi. Ku nemi a gwada tanki da bututu, a kuma duba littafin awon mai na kullum, inda giɓi ke fitowa.

Gyara yana farawa ne da toshe yoyon. Daga nan a haƙa ƙananan rijiyoyin gwaji, aƙalla uku, don a gane inda ruwan ƙasa ya nufa. A kwashe man da ke yawo a sama, a kwashe ƙasar da ta jiƙe ko a zuƙe tururin da inji, a tace ruwan da gawayi na musamman. Ragowar, ƙwayoyin halitta na cikin ƙasa suna cinye shi a hankali idan an hura musu iska. Aikin yakan ci shekaru, Hajiya, ana aunawa rani da damina, kuma bai kamata kuɗinsa ya fito daga cinikin kokonki ba.

Ki leƙa gidajen da ke gangare da ku, wajen rafi, ki gaya musu su gwada tasu rijiyar ko da ba su ji wari ba tukuna.